MOTS-c: Abin Da Aka Gani A Jikin Ɓera Da Abin Da Ke Cikin Kwalba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi bayani a kan wani sinadari da sunansa ke yawo a intanet, musamman tsakanin masu ɗaga ƙarfe da masu neman maganin tsufa, wato MOTS-c. Masu tallarsa na kiransa allurar tsawon rai, wasu su ce motsa jiki ne aka ɗura a kwalba. Da yake yanzu duk mai waya da katin banki zai iya yin odar kaya daga ƙasar waje a kawo masa har ƙofar gida, ba za mu ce maganar Turawa ce mu kau da kai ba. Binciken da aka yi a kan MOTS-c na gaske ne, kuma duk mai sha'awar ilimin jiki zai ji daɗin karanta shi. Sai dai kusan dukkansa a jikin ɓeraye aka yi shi, sannan garin da ake sayarwa a 'yar kwalba bai bi ta hannun wata hukumar magunguna ba. A kan waɗannan biyun zan tsaya.

Tushen maganar mitokondiriya ce. Waɗansu 'yan jakunkuna ne da ke cikin ƙwayoyin halittar jikinmu, ɗaruruwa ko dubbai a ƙwaya guda, kuma su ne murhun jiki. A cikinsu ake haɗa abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa a fitar da ATP, sinadarin da tsoka da zuciya da ƙwaƙwalwa ke kashewa a kowane motsi. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da ko ɗaya, amma a tsokar zuciya sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na wurin. Abin da ya raba su da sauran kayan cikin ƙwaya shi ne suna da nasu DNA daban, wani ɗan zobe mai haruffa 16,569, alhali babban kundin da ke cibiyar ƙwaya ya haura haruffa biliyan 3. Daga wajen uwa ake gadon wannan zobe. A 1981 masana a Kambirij ta Ingila suka karance shi tas, suka ƙirga ƙwayoyin gado 37 a ciki, 13 daga cikinsu masu samar da furotin. Aka yi shekara 20 ana ɗauka lissafi ya cika.

A 2001 ayarin Ikuo Nishimoto na Jami'ar Keio da ke Tokiyo ya gano wani gajeren saƙo a ɓoye cikin zoben, wanda ba a ƙirga da shi ba. Sun same shi ne suna neman abin da ya kare wani sashe na ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer daga lalacewa, suka raɗa masa suna humanin. Feftaid ne, ma'ana gajeriyar sarƙa ta amino asid da aka jera kamar 'ya'yan carbi. In sarƙar ta yi tsawo sai a kira ta furotin. Humanin na da 'ya'ya 24, insulin na da 51. A 2015 kuma Changhan Lee da Pinchas Cohen na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka buga a mujallar Cell Metabolism cewa sun sami wani, mai 'ya'ya 16 kacal, wanda saƙonsa ke kwance a haruffa 51 cikin yankin da ake kira 12S. Shi ne MOTS-c.

Abin da suka gani a ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji shi ne MOTS-c na taka birki a kan zagayen folet, wato hanyar da ƙwaya ke bi ta yi amfani da folik asid wajen ƙera tubalan DNA. In hanyar ta cushe, wani sinadari mai suna AICAR da ke tsakiyar layin sai ya taru, kamar yadda motoci ke cunkushewa in an rufe gada. Taruwar AICAR na tayar da AMPK, shi kuwa AMPK ma'ajin ƙwaya ne: da ya ga kuzari ya yi ƙasa sai ya dakatar da ajiyar kitse, ya buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka, ya sa a fara ƙona abin da ke rumbu. Yunwa na tayar da shi, gudu na tayar da shi, haka ma metformin da masu ciwon sukari ke sha. A 2018 ɗakin binciken Lee ya ƙara nuna cewa in aka hana ƙwaya sukari ko aka jefa ta cikin matsi, MOTS-c na kutsawa cibiyar ƙwaya cikin kamar rabin awa ya taɓa ƙwayoyin gadon da ke kare ta. A ganina nan ne daɗin labarin yake. An saba ɗauka cibiya ce ke ba da umarni mitokondiriya ta bi, ashe ita ma tana aikawa da nata saƙon.

To, sai ɓeraye. A aikin 2015 an ɗora ɓeraye a kan abincin da kashi 60 cikin 100 na kuzarinsa daga kitse yake, ana yi wa rabinsu allurar MOTS-c miligiram 0.5 ga kowane kilo na nauyin jiki, kullum, har mako takwas. Waɗanda aka yi wa allurar ba su yi ƙibar da 'yan uwansu suka yi ba, duk da cewa abincin da suka ci bai ragu ba. A wani gwajin, miligiram 5 ga kilo na kwana bakwai ya gyara yadda jikin ɓeraye 'yan shekara guda ke amsa kiran insulin, har suka yi kusa da matasa. A 2021, a mujallar Nature Communications, aka gwada shi a kan ɓeraye 'yan wata 2 da 12 da 22, adadin ya kai har miligiram 15 ga kilo. Tsofaffin, bayan mako biyu na allura, sun yi kusan ninki biyu na gudun da takwarorinsu suka yi a kan injin gudu. Wani rukunin kuma aka fara yi musu suna da wata 23 da rabi, kwatankwacin mutum ɗan shekara saba'in, sau uku a mako, aka ga ƙarfin damƙarsu da takunsu sun fi na sauran kyau. A lura da abu ɗaya: duk waɗannan allurai a cikin kogon cikin ɓera ake zuba su, tsakanin hanji, hanyar da ba a bi wa mutum mai lafiya.

Batun tsawon rai fa, wanda shi ne kan tallar? A wannan rukuni na ƙarshe an ga ɗan ƙari na kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 a tsawon kwanan ɓerayen, amma ƙarin bai kai matsayin da lissafin ƙididdiga zai kore yiwuwar dace ba, kuma masu binciken ba su ɓoye hakan ba. Da'awar ƙara wa ɓera kwana tana da ma'auninta. Cibiyar binciken tsufa ta gwamnatin Amurka na da shirin da ake gwada magani guda a ɗakunan gwaji uku daban-daban a lokaci ɗaya, a kan ɗaruruwan ɓeraye masu gaurayen gado, maza da mata. Ta wannan hanya aka tabbatar a 2009 cewa rapamycin na ƙara wa ɓeraye kwana, kusan kashi 14 cikin 100 ga mata da 9 ga maza. Magunguna da dama da aka yi ta yayatawa sun shiga wannan shiri sun fito hannu rabbana. MOTS-c ba shi da shaida irin ta rapamycin ko a ɓera.

A jikin mutum, abin da aka fi ambata shi ne gwajin samari 10 masu lafiya waɗanda ba su saba motsa jiki ba. An sa su tuƙa keken motsa jiki, aka ɗebi jininsu da ɗan yankin tsokar cinya kafin da bayan aikin. MOTS-c na cikin tsoka ya ninka kusan sau 12, na cikin jini ya ƙaru da kamar rabi, bayan awa huɗu na jinin ya koma inda yake. Ba a yi wa ko ɗaya daga cikinsu allurar komai ba. Jikinsu ne ya samar da shi. Masu talla sai suka juya maganar: tunda gudu na kawo MOTS-c, wai MOTS-c zai kawo amfanin gudu. Gudu ai yana kawo gumi ma.

Cewar da ake yi wai yana raguwa da tsufa don haka a cike giɓin, ita ma rabin magana ce. Wani bincike da aka yi a Niyu Zilan aka buga a 2020 ya sami MOTS-c na jini ya yi ƙasa a tsofaffi, amma na cikin tsokar maza 'yan shekara 45 zuwa 55 da 'yan 70 zuwa 81 ya fi na samari da kusan rabi. Akwai kuma wani sauyin gado da ake samu a mutanen arewa maso gabashin Asiya, inda amino asid na 14 a sarƙar ya canja. A 2015 wasu masana suka yi hasashen ƙila yana da hannu a tsawon ran Japanawa. Da aka duba dubban mutane, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna maza masu wannan sauyi, musamman marasa motsa jiki, sun fi kamuwa da ciwon sukari. Wannan ya ƙarfafa cewa MOTS-c na da aiki a jikin ɗan Adam, amma bai ce komai a kan amfanin ƙara shi daga waje ba.

An taɓa yunƙurin mayar da shi magani ta hanyar da ta dace, kuma labarin yunƙurin ya fi kowace talla ilimantarwa. Kamfanin CohBar, wanda Cohen na cikin waɗanda suka kafa shi, bai kai MOTS-c ɗin kansa gwajin mutane ba; sai da ya gyara sarƙar ya fitar da ɗan uwansa mai suna CB4211. A ƙarshen 2018 aka dakatar da zangon farko na gwajin na ɗan lokaci saboda kumburin da ke daɗewa a wurin allura. Daga baya aka gwada shi a kan mutum 20 masu ƙiba da kitsen hanta, wasu ana yi musu miligiram 25 ƙarƙashin fata kullum, wasu allurar da ba magani a ciki, na mako huɗu. Sakamakon 2021 ya nuna alamomin hanta na ALT da AST sun sauka, sukari ya ɗan ragu, amma kitsen hanta ya ragu kusan daidai a rukunin biyu. Matsalar wurin allura ba ta kau ba, maganin bai wuce wannan mataki ba, kuma zuwa ƙarshen 2023 kamfanin ya kama hanyar rufewa. Wannan fa masana abin ne, ga kuma kuɗin masu zuba jari a hannunsu.

Daga nan sai tambayar adadi. Jadawalin miligiram kaza sau kaza a mako da ke yawo a intanet ba daga gwajin mutane ya fito ba. Hanyar da masana ke bi su kwatanta adadin ɓera da na mutum ita ce a raba da 12.3, saboda bambancin faɗin fata da saurin ƙona abinci. In aka yi haka ga mutum mai kilo 70, miligiram 0.5 na ɓera ya zama kusan miligiram 3, miligiram 15 kuma ya zama kusan 85. Tazarar ninki 30 ke nan tsakanin gwaji da gwaji. Kuma shi wannan lissafi an yi shi ne domin a sami wurin farawa a gwajin farko na asibiti: ana ɗaukar adadin da bai cutar da dabba ba a gwajin guba, a juya shi, a sake rabawa da 10, sannan a riƙa ƙarawa a hankali likitoci na tsaye da kayan ceto. Bai taɓa zama hanyar sanin adadin da zai yi wa mutum amfani ba.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, domin masu sayarwa na cin moriyarsa. SS-31, wanda ake kira elamipretide, shi ma ana ce masa feftaid na mitokondiriya, amma ba jiki ke yin sa ba. Hazel Szeto da Peter Schiller ne suka ƙera shi, 'ya'yansa huɗu, kuma aikinsa manne wa wani maiƙo mai suna kadiyolifin da ke bangon ciki na mitokondiriya. Shi kam ya sha gwaji a jikin mutane. Babban gwajinsa a kan mutum 218 masu ciwon tsoka na gado daga mitokondiriya, miligiram 40 kullum na mako 24, bai nuna ya fi allurar da ba magani ba, a nisan tafiyar minti shida ko a rage gajiya. A Satumbar 2025 hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ta ba shi amincewar gaggawa da sunan Forzinity, ga cuta guda tak, cutar Barth, wadda ba kasafai ake samunta ba, kusan duka a yara maza, kuma ga masu nauyin kilo 30 zuwa sama. Duk wanda ya ce FDA ta amince da feftaid na mitokondiriya domin tsufa, wannan labarin ya murɗe.

Yanzu mu buɗe kwalbar. Ana ƙera feftaid ne ta hanyar da Bruce Merrifield ya fito da ita a 1963, wadda ta ba shi kyautar Nobel a 1984: a ɗaure amino asid na farko a jikin 'yan ƙwayoyin roba, a riƙa ɗaura na gaba ɗaya bayan ɗaya ana wankewa. Sarƙa mai 'ya'ya 16 na buƙatar ɗauri 15. Ko da kowane ɗauri ya yi nasara kashi 99 cikin 100, a ƙarshe kashi 86 ne kawai na sarƙoƙin za su fito cikakku. In nasarar kashi 98 ce, sai a sami 74. Sauran sarƙoƙi ne masu giɓi, da ɗa guda ko biyu suka faɗi, kuma sun yi kama da na gasken ƙwarai, shi ya sa tace su ke cin kuɗi. A nan ne mai son riba ke yanke hanya.

Takardar da ake nunawa mai cewa tsabtar kayan kashi 99 cikin 100 ce, yawanci sakamakon na'urar HPLC ne, kuma abin da take faɗa ƙanƙane ne: cikin feftaid ɗin da na'urar ta gani, kashi kaza iri ɗaya ne. Ba ta ƙirga ruwan da garin ya sha, ba ta ƙirga gishirin da ke manne da shi. Asid ɗin da ake yankewa da tacewa da shi, TFA, yana maƙalewa a duk inda sarƙar ke da cajin da ke jansa, MOTS-c kuwa na da irin waɗannan wurare har biyar. Nauyin ƙwayar MOTS-c kusan 2,175 ne a ma'aunin Dalton, na TFA 114. In duka biyar suka cika, kusan kashi ɗaya cikin biyar na garin da aka auna TFA ne. Masu haɗa maganin allura na gaske kan musanya shi da asitet. HPLC ita kaɗai ba ta ma tabbatar da cewa abin da ke ciki MOTS-c ne. Sai an haɗa da na'urar auna nauyin ƙwaya. Sannan takardar da ba ta ɗauke da lambar rukunin da ke jikin kwalbar da ke hannunka, da sunan ɗakin gwajin da za a iya tuntuɓa, hoto ce kawai.

Mafi haɗari shi ne abin da takardar ba ta ambata sam: endotoksin, wato dafin da ke ɓawon wasu ƙwayoyin cuta. Ko ƙwayoyin sun mutu dafin na nan. Tafasawa ba ta kashe shi, matatar da ke tare ƙwayoyin cuta mai ramin maikiron 0.22 ba ta tare shi, kwalaben magani ma sai an gasa su a busasshen zafi na digiri 250 na rabin awa kafin a rabu da shi. Iyakar da aka yarda wa maganin allura ita ce ma'auni 5 ga kowane kilo a cikin awa guda, wato 350 ga mai kilo 70. In aka zarce, sai zazzaɓi da rawar sanyi da faɗuwar bugun jini, abin da a wajenmu za a ɗauka maleriya ce a yi ta shan maganin da ba na cutar ba. Rubutun da ke jikin irin waɗannan kwalabe, mai cewa domin bincike kawai ba domin mutum ba, shi ne mai sayarwa ke fakewa da shi don kada a tambaye shi gwajin endotoksin ko na rashin ƙwayoyin cuta. Ya faɗa maka gaskiya da ƙananan haruffa.

A ce ma kayan sun fito daga masana'anta lafiya lau, sauran tafiya. Cikin amino asid ɗinta, sarƙar MOTS-c na da methionine biyu, a matsayi na 1 da na 6, da tryptophan a na 3, waɗanda iska da haske da zafi ke saurin lalatawa. Busasshen garin ana ajiye shi ne a firiza, digiri 20 ƙasa da sifili, in an narka shi kuma lalacewar ta fi sauri ko a firiji. A kwatanta wannan da kunshin da ya yi makonni a hanya, ya kwana a ɗakin ajiyar kaya, ya iso Kano ko Maraɗi a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, ya shiga firijin da ke mutuwa duk sanda aka ɗauke wuta. Narkewa da sake daskarewa na sa sarƙoƙin su dunƙule, kuma ido ba ya ganin farkon dunƙulewar. Masu sayar da shi a matsayin ƙwayar haɗiya kuwa, nasu ya fi sauƙin amsa: sinadaran narka abinci na hanji na yanka sarƙa a bayan arginine da lysine da tyrosine da phenylalanine, MOTS-c kuwa cike yake da su. Ciki zai ɗauke shi kamar ɗan guntun nama.

Dunƙulallen feftaid ko mai giɓi na iya sa garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo ta ƙera masa makami, kuma makamin na iya komawa kan na asalin da jiki ke yi. An ga irin haka da wani maganin. Daga wajen 1998, bayan an canja haɗin wata allurar erythropoietin, sinadarin da ke sa ɓargo yin jini, da ake yi wa masu ciwon ƙoda, wasu marasa lafiya jikinsu ya juya wa nasu erythropoietin ɗin baya, ɓargonsu ya daina yin jajayen ƙwayoyin jini, suka koma rayuwa da ƙarin jini. Wannan fa magani ne mai rajista daga babbar masana'anta. Irin wannan fargaba ce, tare da batun datti da rashin bayanan gwajin mutane, FDA ta ambata a 2023 lokacin da ta sa MOTS-c cikin jerin sinadaran da ke iya zama haɗari in masu harhaɗa magani suka yi amfani da su.

Daga yadda yake aiki ma ana iya gane waɗanda abin zai fi shafa. Mai ciwon sukari da ke kan insulin ko glibenclamide, in ya ƙara abin da ke tura sukari cikin tsoka, yana wasa da faɗuwar sukari, balle in yana azumi. Alamunta gumi, kyarma, ruɗewa, har suma. Zagayen folet da MOTS-c ke taka wa birki shi ne wanda ake ba mai juna biyu folik asid domin ya yi aiki sosai, don kare ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri a makonnin farko. Masu sikila, waɗanda muke da su da yawa, su ma kullum suna kan folik asid saboda ɓargonsu ba ya hutawa. Mai shan methotrexate, maganin wasu cututtukan daji da na sanyin gaɓoɓi, kuwa ya riga ya danne wannan hanyar da maganinsa. 'Yan wasa su sani hukumar WADA mai yaƙi da shan abubuwan ƙara kuzari ta rubuta sunan MOTS-c ƙarara a jerin haramtattun abubuwanta tun daga na 2024, a lokacin gasa da wajenta. A gida Nijeriya, abin dubawa a jikin kowane magani lambar rajistar NAFDAC ce, kuma kwalbar da ta ce ita ba ta mutum ba ce ba ta da hanyar samunta. Wanda ya riga ya yi wa kansa allurar ya faɗa wa likita gaskiya, ya tafi da kwalbar. Zazzaɓi bayan allura, ko ja da zafi mai yaɗuwa a wurin, ko kumburin fuska da sarƙewar numfashi, ba na jira a gida ba ne.

Hanyar da aka tabbatar tana ƙara wa mitokondiriyar mutum ƙarfi an san ta tun 1967, lokacin da John Holloszy ya nuna horon gudu na ninka sinadaran aikin mitokondiriya a tsokar ɓeraye. A 2017 asibitin Mayo na Amurka ya auna abin a jikin mutane 'yan shekara 18 zuwa 30 da 'yan 65 zuwa 80. Tsarin ɗaya daga cikin rukunan shi ne kwana uku a mako a kan keke, minti huɗu da ƙarfi sosai sai minti uku a sassauta, a maimaita sau huɗu, da kwana biyu na tafiya a kan inji, har mako 12. Ƙarfin aikin mitokondiriyar tsoka ya ƙaru da kashi 49 cikin 100 a matasan, da 69 a tsofaffin. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato saurin da mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, ga 'yan 65 zuwa sama kuma a ƙara atisayen daidaita tsayuwa kwana uku don gudun faɗuwa. Dattijon da ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10 na tafiya bayan Asuba ko bayan La'asar sanda rana ta yi sanyi, ya riƙa ƙara minti biyar duk mako, ya haɗa da tashi da zama daga kujera sau 10 ba tare da dafa hannu ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon sukari ya fara zuwa a auna shi kafin ya taɓa irin na minti huɗu-huɗun nan, kuma ciwon ƙirji ko jiri a tsakiyar motsi na nufin a tsaya nan take a nemi likita.

Wassalam.